Lambar InstallShield Ba Lambar Manhajarka Ba Ce

Saƙon yakan fito ne daga sashen sayayya ko daga lauyan kamfanin da zai sayi manhajar, kuma bai cika wuce layi ɗaya ba: ku turo mana ECCN na kayanku. Mai haɗa manhaja da bai taɓa jin kalmar ba sai ya faɗa intanet. Da yake da InstallShield ko Inno Setup ko NSIS ya haɗa fayil ɗin girkawa, sai ya nemo lambar da aka ba wannan kayan aikin, ya kwafa, ya aika, hankalinsa kwance. Wannan kuskure ne, kuma ana yawan yin sa. Buhu daban, abin da aka ɗura a ciki daban. Jami'in kan iyaka ba ruwansa da telan da ya ɗinka buhun, abin da ke ciki yake son sani. Abin da ya ɗan rikita lamarin manhaja shi ne wani lokaci buhun ma da nasa kwaɗon yake zuwa, wato tsarin kulle bayanai, shi ma sai an duba shi.

ECCN lamba ce ta Amurka. Hukumar BIS, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Kasuwanci ta ƙasar, ita ke kula da dokokin fitar da kaya da ake kira EAR, kuma a cikin dokokin akwai jerin kayan da ake sa wa ido saboda suna iya amfani a harkar farar hula da ta soja. Kowane aji a jerin yana da lamba mai gurbi 5. Ɗauki 5D002: 5 ɗin farko rukuni ne, na sadarwa da tsaron bayanai, cikin rukunai 10 da suka fara daga 0 zuwa 9. Harafin D yana nufin manhaja. A na'ura ce, E kuma fasaha, wato ilimin ƙerawa. Ta farko cikin sauran lambobin 3 tana nuna dalilin sa idon, 2 na ƙarshe kuma lambar ajin ce a jerin. Abin da dokar ta shafa amma bai dace da ko ɗaya daga cikin azuzuwan jerin ba, shi ake kira EAR99. Kada a haɗa wannan da lambar HS ta kwastan, wadda 'yan kasuwa suka sani a kan takardun shigo da kaya. Waccan ta haraji ce. Wannan ta izini ce: wa za a iya ba wa kayan, a wace ƙasa, don yin me.

Wanda ke Kano ko Akara ko Yamai zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Ruwan yana shigowa ta hanyoyi 3. Manhajar da aka ƙera a Amurka tana tafe da dokar duk inda ta je, ko da daga Legas za a sake tura ta wata ƙasa. Manhajar da ke zaune a kan saba (kwamfutar da ake sauke kaya daga gare ta ta intanet) a cikin Amurka, duk wanda ya sauke ta daga waje an fitar da ita ke nan. Shi ya sa Apple ke tambayar duk mai ɗora manhaja a App Store game da kulle bayanai, ko ina kamfaninsa yake, kuma amsar ce ake rubutawa a fayil ɗin saitin manhajar, Info.plist, da sunan ITSAppUsesNonExemptEncryption. Hanya ta uku ita ce manhajar da aka ƙera a waje amma aka cusa mata kayan Amurka masu takunkumi da darajarsu ta haura kashi 25 cikin 100 na darajarta, ko kashi 10 idan za a kai ta ƙasashe irin su Iran da Koriya ta Arewa da Kuba. Ban da waɗannan, akwai hanyar da ta fi kowace yawa a aikace: kwastomanka na Amurka ko Turai ba zai iya saka manhajarka cikin nasa kayan ba sai ya san ajinta, don haka ya tambaye ka.

Abubuwa uku ne a cikin fayil ɗaya

Idan ana maganar girkawa, mutane suna cakuɗa abubuwa 3. Na farko shi ne kayan aikin da ke kan kwamfutarka, wanda kake haɗa fayil ɗin da shi. Ajin wannan aikin mai shi ne. Idan na kamfani ne, rubuta musu ka tambaya, manyan kamfanoni da yawa ma suna da shafi na musamman da suke jera lambobin kayansu. Lambar tana da amfani gare ka ne kawai idan kayan aikin kansa za ka tura wa wani, misali ka aika wa ma'aikatan reshenku na wata ƙasa.

Na biyu shi ne ɗan injin da kayan aikin ke dasawa a cikin setup.exe ɗinka, wanda ke nuna tagogin “gaba, gaba, kammala”, ya warware fayiloli, ya rubuta a rajistar Windows. Wannan ba kai ka rubuta shi ba, amma kai kake rarraba shi. Na uku shi ne lodin: manhajarka, da duk laburaren da ta jingina da su, da duk wata manhajar da ka haɗa mata a matsayin sharaɗi, kamar .NET ko Java ko wani rumbun bayanai. Abin da ke tsallaka iyaka shi ne na biyu da na uku a haɗe, kuma shi za ka tantance. Idan lodin manhajar VPN ce, mai ɓoye zirga-zirgar mutum a intanet, ko da kayan aikin girkawar EAR99 ne, kunshinka bai zama EAR99 ba. Haka kuma idan kayan aikin yana da lambar 5D992, ta manhajar kulle bayanai da ake sayar wa kowa, wannan bai isa ya sa wasan yara da ka kunsa da shi ya ɗauki lambar ba.

Kafin a kai ga maganar kulle bayanai, akwai tambayoyin da ake sharewa da sauri. Shin an ƙera manhajar don aikin soja? Idan haka ne, ta bar hannun BIS ta koma dokokin ITAR na Ma'aikatar Harkokin Waje, wannan kuma wata duniya ce. Shin tana sarrafa wata na'ura da ke cikin jerin, kamar injin sassaƙa ƙarfe mai tsananin daidaito, ko an yi ta don kai manhajar kutse cikin kwamfutar wani, abin da 4D004 ya tanada? Ga galibin manhajojin ofis da kasuwanci amsar a'a ce. Sai a juya ga Rukuni na 5, Kashi na 2, na tsaron bayanai, inda kusan duk wahalar take.

Ba kowane kwaɗo ne doka ta damu da shi ba

Abin da 5A002 da ƙanwarsa 5D002 ke nema shi ne amfani da lissafin sirri don ɓoye bayanai daga idon wanda bai kamata ya gani ba, da mabuɗin da ya wuce wani tsawo: sama da bit 56 ga tsarin mabuɗi ɗaya irin AES, sama da bit 512 ga RSA, sama da bit 112 ga ECC, waɗanda tsare-tsare ne masu mabuɗi biyu. A yau babu wanda ke aiki da abin da bai haura waɗannan ba, AES mafi ƙanƙanta ma bit 128 ne, saboda haka tsawon mabuɗi ba ya ceton kowa. Abin da ke raba gardama shi ne aikin da lissafin yake yi.

Dokar ta ware wasu ayyuka ta ce ba ɓoye bayanai ba ne: tabbatar da ko wane ne mutum, sa hannu na dijital, tabbatar da cewa ba a taɓa fayil ba, hana musanta abin da aka aika, da kare haƙƙin mallaka, har da hana kwafar manhaja. Duba yadda wannan ya faɗo daidai kan aikin girkawa. Sa hannun Authenticode da ka yi wa setup.exe don kada Windows ta tsorata mai saukewa, sa hannu ne. Lissafin SHA-256 da injin ke yi don ya tabbatar fayil bai lalace a hanya ba, tabbatar da lafiyar fayil ne. Tagar da ke neman lambar lasisi ta gwada ta da mabuɗin RSA, kare haƙƙin mallaka ne. Matse fayiloli da LZMA ko zip kuwa ba ya ma cikin lissafin sirri, don ma'anar kalmar a dokar ta cire tsayayyun hanyoyin matsewa da sauya rubutu. Base64 ma haka. Fayil ɗin MSI na gargajiya, wato na girkawar Windows, mai ɗauke da fayilolin cab da sa hannu kawai, ba ya ɓoye komai.

Inda ake fara zamewa shi ne wurare 2. Ɗaya shi ne kulle lodin. A Inno Setup, idan ka rubuta Password= kaɗai, tagar neman kalmar sirri kawai ka samu, fayilolin suna nan a buɗe ga wanda ya iya warwarewa. Idan ka ƙara Encryption=yes, to yanzu an kulle su da gaske. Shekaru da yawa wannan ɓangaren ba ya zuwa tare da Inno Setup. Sai ka sauke wani fayil daban mai suna ISCrypt.dll, kuma dalilin raba shi dokokin kulle bayanai ne. Daga siga ta 6.4 aka shigar da shi ciki, da tsarin XChaCha20. Ma'ana, wanda ya sabunta kayan aikinsa ya samu injin da ya bambanta da wanda ya tantance a baya, ko da bai taɓa layi ɗaya a rubutunsa ba. Haka fayil mai warware kansa na 7-Zip idan an sa masa kalmar sirri, AES-256 ne. To me ake kullewa, kuma don me? Idan manhajarka ce kake hana wanda bai biya ba ya ciro, kana da hujja mai ƙarfi cewa kare haƙƙin mallaka ne. Idan kuma bayanan kwastoma ne, ko mabuɗan sabarsa, ko kayan aikin yana ba kowa damar kulle duk fayil ɗin da ya ga dama, wannan ɓoye bayanai ne tsantsa.

Ɗaya wurin shi ne intanet. Fayilolin girkawa na zamani ƙanana ne, sukan sauko da sauran kayan ta HTTPS. Burn na WiX, wani kayan aikin girkawar, yana yin haka, manhajojin sabunta kai ma haka. HTTPS kuwa ɓoye bayanai ne, ba tantama. Akwai wata magana da ta yaɗu cewa idan Windows ce ke yin kullewar, kai kiran ta kawai ka yi ta WinHTTP, to babu ruwanka. Ba haka dokar ta ce ba. Kalmarta ita ce abin da aka tsara don ya yi amfani da lissafin sirri, kuma wanda ya ari kwaɗon maƙwabci ya kulle ɗakinsa, ya yi amfani da kwaɗo.

Amma amfani da HTTPS bai jefa ka cikin 5D002 kai tsaye ba. Saura tambayar ainihin aikin kayan. Ajin yana kama abin da babban aikinsa tsaron bayanai ne, ko sadarwa da haɗa kwamfutoci, ko kuma shi kansa kwamfuta ne ko babbar manhaja irin Windows ko ma'ajiyar bayanai. Manhajar lissafin kayan shago, ko ta zanen gini, ko wasa, wadda ke kulle bayanai don hidimar wannan aikin nata kawai, tana fita daga rukunin, kuma sau da yawa a EAR99 take sauka. Akwai tarko a sakin layi na a.4 na 5A002: idan kullewar tana hidima ga wani aiki na gefe, wanda ba shi ne ainihin aikin ba, kuma ɓangaren da ke yin ta zai shiga rukunin in da shi kaɗai aka sayar, to an dawo ciki. Manhajar shago da aka ƙara wa akwatin hira a ɓoye tsakanin ma'aikata, ko ma'ajiyar sirri ta kowane irin fayil, ta taka wannan tarkon.

Wani abu da ya shafi masu girkawa kai tsaye: kamfanoni sukan kunsa ɓangaren kulle bayanai a kashe, sai wanda ya sayi babban lasisi ya shigar da lambar da za ta kunna shi. Doka ta san wannan dabarar. Idan kunnawar ta bi amintacciyar hanyar da aka ayyana, kayan da ke a kashe suna iya zama a waje da 5D002, amma ita lambar kunnawar ta zama kaya mai aji, 5D002.b. Imel ɗin da ka tura mai ɗauke da haruffa 25 shi ne fitarwar. Idan kuwa kashewar layi ɗaya ce a fayil ɗin saiti da kowa zai iya juyawa, to a idon doka a kunne yake.

Yadda ake gano abin da ke ciki

Kada a dogara da ƙwaƙwalwar masu rubuta manhajar. Sukan rantse ba su sa komai ba, alhali laburaren da suka jawo ya jawo wani, shi ma ya jawo OpenSSL, sanannen laburaren kulle bayanai. A ɗauki fayil ɗin da kwastoma zai sauke, a warware shi. Ga MSI, umarnin msiexec /a zai zube fayilolin a cikin folda ba tare da girkawa ba. Ga Inno Setup akwai innoextract, 7-Zip kuma yana buɗe galibin fayilolin NSIS. Sai a bi jerin ana neman sunaye irin su libssl, libcrypto, libcurl, BouncyCastle, libsodium, SQLCipher. A bi kowane exe da dll da dumpbin /imports a ga abin da yake kira: wintrust.dll yawanci duba sa hannu ne, bcrypt.dll yana iya zama zanen yatsan fayil kawai, irin SHA-256, ko kuma AES, sai an duba sunan aikin da aka kira, winhttp.dll da wininet.dll suna nufin a je a duba adireshin da ake bugawa. Abin da wannan hanyar ba ta kamawa shi ne laburaren da aka narkar a cikin exe ɗin tun wurin haɗawa, kamar yadda manhajojin Go da Rust suka saba. Nan sai an koma jerin abubuwan dogaro na aikin, go.mod ko Cargo.lock ko package-lock.json. Ga kowane abin da aka samu a rubuta abu 4: tsarin lissafin, tsawon mabuɗi, me yake kullewa, da wanda ya ƙera shi.

Idan ya shiga rukunin

Shiga 5D002 ba ƙarshen kasuwa ba ne. Kusan duk manhajar kasuwanci mai kulle bayanai tana fita ba tare da lasisi ba, ta ɗaya daga hanyoyi 3.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ta kayan kasuwar kowa-da-kowa, wadda Bayani na 3 na rukunin ya tanada. Sharuɗɗan su ne ana sayar wa jama'a ba tare da tantance mai saye ba, a kanti ko ta intanet. Mai amfani ba zai iya sauya tsarin kullewar cikin sauƙi ba. An tsara shi yadda mai saye zai girka da kansa ba tare da wani gagarumin taimako daga mai sayarwa ba. Kuma za a iya ba hukuma bayani idan ta nema. Dubi sharaɗi na 3 da kyau, don nan ne fayil ɗin girkawa ke zama shaida. Manhajar da mutum zai danna sau 4 ta zauna ta cika shi. Wadda sai injiniyanku ya kwana biyu a ofishin kwastoma yana saita ta, da wuya ta cika, ko da akwai setup.exe a ciki. Abin da ya cika sharuɗɗan yana komawa 5D992.c, wanda dalilin sa idonsa yaƙi da ta'addanci ne kawai.

Hanya ta biyu ita ce togaciyar lasisi mai suna ENC, sashe na 740.17, mai ƙofofi 3. A (b)(1) kai kake tantance kayanka ka fara fitarwa nan take, sai rahoton shekara da zai isa BIS da NSA, hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, zuwa 1 ga Fabrairu, game da kayan shekarar da ta gabata. Rahoton fayil ɗin CSV ne mai ginshiƙi 12 da waƙafi ke rabawa, kuma abin da ke ɓata shi mafi yawa ƙaramin abu ne: waƙafi a cikin adireshi ko sunan kamfani, wanda ke tura kowane bayani zuwa ginshiƙin da ba nasa ba. Dokar 29 ga Maris 2021 ta ɗauke wannan rahoton daga kan galibin kayan kowa-da-kowa da aka gama haɗawa, ta bar shi kan sassa da kayan ƙera manhaja. Shafuka da yawa a intanet har yanzu tsohuwar ƙa'ida suke koyarwa.

Ƙofofin (b)(2) da (b)(3) suna buƙatar a nemi BIS ta tantance da kanta, ta shafin SNAP-R, tare da amsa tambayoyin fasaha na Ƙari na 6 a Sashe na 742. Bayan kwana 30 da miƙa cikakkiyar buƙata ana iya fara fitarwa, takardar da ke fitowa kuma ita ce CCATS, mai lamba da ke farawa da G. A (b)(3) ake samun laburaren kulle bayanai da kayan ƙera manhaja da ba na kowa-da-kowa ba, da kuma tsarin lissafin da ba a wallafa ba. Wannan na ƙarshen darasi ne: wanda ya ƙirƙiro nasa tsarin kullewa a ɓoye, yana ganin ya kauce wa doka tunda ba AES ba ne, ya ƙara wa kansa takardu ne, ga kuma raunin tsaro. A (b)(2) ake samun manyan na'urorin sadarwa, kayan da aka gyara musamman don gwamnati, da rubutun tushe (ainihin rubutun da ake haɗa manhaja daga gare shi) na kulle bayanai wanda ba a baje wa jama'a ba. Masu kunsa manhajar Python ko PowerShell su lura, abin da suke rarrabawa rubutun tushe ne; idan su suka rubuta ɓangaren kullewar, tambayar (b)(2) tana jiran su. Kayan (b)(2) kuma ba sa tafiya hannun hukumomin gwamnati a ƙasashen da ba sa cikin Ƙari na 3 na Sashe na 740 sai an duba batun lasisi, Nijeriya da Nijar da Ghana kuwa ba sa cikin wannan jerin. Dillalin da ya ci kwangilar kai wa wata ma'aikata irin waɗannan kaya ya sa wannan jinkirin a lissafinsa.

Hanya ta uku ita ce ta buɗaɗɗiyar manhaja, kuma a nan ma ana yin kuskure. Rubutun tushe na kulle bayanai da aka baje wa kowa, da manhajar da aka haɗa daga gare shi, suna fita daga ƙarƙashin EAR baki ɗaya. Tun 2021 ma sanarwar imel da ake aika wa BIS da NSA ta rage kan tsarin da ba na ƙa'ida ba kawai. WiX da NSIS buɗaɗɗu ne. Amma manhajar da ka rufe tushenta ka saka OpenSSL a ciki ba ta gadon 'yancin OpenSSL. Sabon kaya ne, sai an tantance shi da kansa. Kuma kyauta ba ita ce buɗewa ba. Manhajar 5D002 da aka rufe tushenta tana nan a ƙarƙashin doka ko da kyauta ake sauke ta. Sai an fara tantance ta a matsayin 5D992.c, sannan bajewarta kyauta ta fitar da ita.

Duk wannan ragowar wani zamani ne da Amurka ke lissafa kulle bayanai cikin makamai. An binciki Phil Zimmermann shekara 3 saboda PGP, manhajar kulle saƙonni da ya rubuta, kafin a rufe maganar a 1996, shekarar da Shugaba Clinton ya mayar da kulle bayanan kasuwanci hannun Ma'aikatar Kasuwanci. Sassaucin gaske ya zo a Janairun 2000. Raunanan mabuɗan da aka tilasta wa kayan fitarwa a wancan lokacin su suka dawo a 2015 a matsayin ramukan tsaro da aka sa wa suna FREAK da Logjam.

Lamba rabin aiki ce

Sanin aji yana gaya maka ƙa'idar da za ka duba ne, bai ba ka izinin tura wa kowa ba. EAR99 ma ba ya zuwa Iran ko Koriya ta Arewa ko Kuba haka kawai, ba ya zuwa hannun wanda ke cikin jerin sunayen da aka haramta, kuma tun Satumban 2024 wasu manhajojin EAR99 na gudanar da kamfani da na zane, irin ERP da CRM da CAD, suna buƙatar lasisi zuwa Rasha da Belarus. Takunkumin ofishin OFAC na Baitulmali kuma doka ce daban da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan. Gwamnatin Amurka tana da haɗaɗɗen jerin sunaye da ake bincikawa kyauta.

Shari'u 2 sun nuna inda igiyar ke tsinkewa. A 2014 kamfanin Wind River, mallakar Intel a lokacin, ya biya tarar dala 750,000 saboda sayar da manhaja mai kulle bayanai ga hukumomin gwamnati da wasu da ke jerin haramci ba tare da lasisi ba. A 2021 kamfanin SAP na Jamus ya biya sama da dala miliyan 8 bayan an sauke manhajojinsa da sabuntawarsu dubban lokuta daga Iran, alhali binciken cikin gida ya sha ba da shawarar a toshe saukewa bisa adireshin IP. Ta biyun ita ce ta shafi maganarmu. Kowane sabuntawa da manhajarka ta jawo da kanta fitarwa ce sabuwa. Idan ka tantance mai saye a shafin biyan kuɗi amma ka bar adireshin sabuntawa a buɗe ga duniya, ka kulle ƙofar gida ka bar ta baya.

Akwai kuma kuskuren da ke cutar da mutanenmu kai tsaye. Yarjejeniyar lasisi da ake nunawa a tagar girkawa, mutane kwafarta suke yi daga tsofaffin manhajoji, da jerin nan na Kuba, Iran, Koriya ta Arewa, Sudan, Siriya. An cire Sudan daga jerin ƙasashe masu tallafa wa ta'addanci a Disamban 2020, BIS kuma ta gyara dokokinta a Janairun 2021. Har yanzu akwai haramcin makamai a kanta da takunkumi kan wasu mutane da kamfanoni, musamman bayan yaƙin da ya ɓarke a 2023, amma wannan ba shi ne toshe ƙasa baki ɗaya ba. Mai shago a Kassala ko Gadarif da aka hana shi sauke manhajar lissafi saboda jerin da aka kwafa shekara 10 da suka wuce, ba doka ce ta hana shi ba, lalaci ne. A rubuta sharaɗin ba tare da jera ƙasashe ba, a bar jerin a saba inda za a iya gyara shi, a kuma duba dokar kamar yadda take a ranar.

Ga mai sayarwa daga Turai, lambobin 5A002 da 5D002 iri ɗaya ne, don duk daga Yarjejeniyar Wassenaar ta 1996 kan sa ido ga fitar da irin waɗannan kaya suka fito, mai ƙasashe 42, wadda Afirka ta Kudu ce kaɗai mamba a cikinta daga nahiyarmu. Dokar Tarayyar Turai ita ce 2021/821. Amma babu 5D992 ko EAR99 a can. Abin da ya cika sharuɗɗan kowa-da-kowa fita yake daga jerin kawai. Idan fom ɗin kwastoma yana da gurbi 2, na Amurka da na Turai, amsar manhaja ɗaya tana iya zama 5D992.c a ɗaya, “ba ta cikin jeri” a ɗayan. Faransa tana da nata tsarin sanarwa a hukumar ANSSI, shi ya sa App Store ke tambaya daban idan za a sayar a can.

A ganina, al'adar rubuta 5D992.c a kan komai “don kariya” ba kariya ba ce. Lambar tana nufin ka duba ka ga akwai ɓoye bayanai, ka kuma tabbatar kayan na kowa-da-kowa ne. Idan ba ka yi ko ɗaya ba, ka sa hannu kan abin da ba ka sani ba. Abin da ke tsayawa gaban mai bincike shi ne takarda mai shafi ɗaya ko biyu: sunan manhaja da sigarta, sigar kayan aikin girkawa, jadawalin nan na abin da aka samu a ciki, sakin layin dokar da aka bi a kowane mataki, lambar da aka kai gare ta, sunan wanda ya yanke hukunci da kwanan wata. Sashe na 762 ya ce a ajiye takardun fitarwa shekara 5. Gyaran kurakurai ko sauya launin taga ba ya buƙatar sabon tantancewa. Ƙara tsarin lissafi, sauya abin da ake kullewa, buɗe wa wasu manhajoji hanyar kiran ɓangaren kullewar, haɗa sabuwar manhaja cikin kunshin, ko sabunta kayan aikin girkawa zuwa sigar da injinta ya sauya, duk suna buƙata. Hanya mafi arha ita ce a ajiye takardar a ma'ajiyar rubutun tushe, kusa da fayil ɗin .iss ko .wxs ko .nsi, a sa dokar cewa duk wanda ya taɓa jerin abubuwan dogaro ko ya rubuta Encryption=yes sai mai kula da takardar ya amince kafin a haɗe gyaran.